Tukunya Mai Ƙaho

Tun kuna ƙanana kuke tambayata mene ne amfanin guntun gawayin da nake ajiye da shi a gwangwani, can ƙasan akwatina. Wani lokaci in ce maganin ciki ne, wani lokaci in kore ku. Uwarku ma ta taɓa kai shi bakin murhu, Allah ya sa na shigo. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya soma hazo, gara ku ji daga bakina. Kun tashi kuna jin mutanen ƙauyenmu suna cewa ni na fitar da kakana kunya a shekarar aikin dam, har wasunku na tinƙaho da haka a gidan biki. Rabin labarin kuka ji, kuma rabin da ya fi mini daɗi.

Kakana Malam Garba, wanda ake kira Mai Gawayi, shi ya rene ni, domin mahaifina ya rasu ban isa ɗaukar fartanya ba. Sunansa aka sa mini, saboda haka Takwara yake ce mini har ya koma ga Allah. Dogo ne, siriri, mai faɗin tafin ƙafa, kuma ban taɓa ganin ya taka gona da takalmi ba. Gidanmu, can tsakanin Mafara da Bakura, ya fi mutum talatin, amma ba ya kai loma baki sai ya tambayi kowane ɗaki ko tuwo ya isa. Aljihunsa ba ya rabo da ƙuli-ƙuli saboda jikoki. Ga tsokana. In na ce masa tsoho mai ran ƙarfe, sai ya ce ai dole ya daɗe, tunda in ya mutu ni zan gaji matarsa, kuma ba ya son a bar ta da raggon miji. Akushi ɗaya muke ci ni da shi tun ina rarrafe har bayan na yi aure.

Sunan Mai Gawayi kuwa ba daga sayar da shi ya samo ba. Aiki ne da ya gada daga ubansa. Duk sa'ad da za a raba gonar gado a yankinmu, ko a sayar, ko a ba da aro, shi ake kira. Sai ya haƙa rami a goshin gonar, zurfin ƙugu, ya binne 'yar tukunya cike da gawayi, ya sa alamar mai gonar a ciki, ya rufe bakin da murfi ya liƙe da laka. Manomi ya ba da guntun ruwan fartanya, maƙeri ya ba da ƙusa, mahauci ya ba da ƙashi. Na taɓa tambayarsa me ya sa gawayi, ya ce gamba tana ƙonewa, itace yana faɗuwa, shaidu suna mutuwa, amma gawayi ba ya ruɓa, gara ma ba ta cin sa. Mu matasa muna ganin abin kamar wahalar banza, tunda kowa ya san gonarsa da tsamiyarta da kukarta.

Sai ga shekarar da aka gama datse ruwa a wajen Maradun, aka zo gyara ƙasa don noman rani. Ina da shekara ashirin da bakwai, uwarku na ɗauke da cikin Usman. Katafila ta shigo fadamarmu ta kwantar da komai: itatuwa, gamba, suri, kunyoyi, duk suka zama shimfiɗa ɗaya tun daga bayan gari har inda ido ya ƙare. Aka ja kanal, babbar hanyar ruwa, ta tsakiya. Da aka ce kowa ya zo ya nuna gonarsa a rubuta sunansa, sai ga dattawa tsaye cirko-cirko, mutum ya noma wuri shekara arba'in amma ya rasa gane shi. Nan fa aka tuna da Mai Gawayi.

Abin da na gani a makonnin nan ban ƙara ganin irinsa ba. Tsoho ne da ya haura tamanin, amma sai ya tsaya bakin tsohuwar rijiya, wadda ita kaɗai katafila ta bari, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya soma tafiya yana motsa leɓe. Jama'a na biye da shi ba mai tari. Wani wuri ya tsaya ya murza ƙasa da yatsun ƙafa, ya ce nan yashi ya soma, an shiga gonar wane. Can sai ya soka sandarsa ya ce a haƙa. A buga dagi, a buga, sai a ji ƙwal, a ɗaga tukunya, a buɗe, ga alamar da ya faɗa tun kafin a haƙa. Na ga ƙaton mutum ya durƙusa yana kuka don ya ga guntun fartanyar ubansa. Ma'aikacin awon ƙasa, wani ɗan birni mai tabarau, ranar farko yana murmushi, rana ta uku shi ke riƙe wa tsohon buta. Inda katafila ta yi zurfi ta kwashe tukunyar kuwa, sai ya ce iyaka nan take, a ja layi a kan maganarsa, ba wanda ya ce uffan. Ni ina bayansa ina kumbura kamar ni na yi.

Gonarmu ta bakin fadama aka sa wa ranar Alhamis. Allah ya sa kanal ta bi ta gefenta daidai, wurin da za a yi shinkafa sau biyu a shekara, kuma kowa a gida ya san ni za a bar wa ita. Na riga na gina ɗaki na kwano a zuciyata. Ranar Litinin da la'asar ya ce in raka shi. Muka je ya ƙirga takunsa, ya soka sanda, ya daɗe tsaye a wurin.

"Takwara, gonag ga ba tamu ba ta," in ji shi.

Na ce, "Kamar ƙaƙa ba tamu ba, Baba? Nan ubana yak koyi noma."

"Ta Sambo ta, abokina, Bahillace. Shekarad da ciwo yak kashe mai shanu yat tashi da sauran, yab bar min ita amana. Yac ce in ci, in ya dawo shi amsa. Bai dawo ba, amma ya bar ɗiya, Inno, tana Damaga. Damman da nika aikawa can duk kaka, kana zaton sadaka ta? Da ba ta da mai noma, yanzu ɗanta Manu ya girma. Na aika su taho. In anka rubuta sunanmu, ta tahi ke nan."

"Shekara hamsin fa, Baba!"

"Ko ɗari ta. Aro ba shi tsuhwa shi koma gado. Ƙahon saniya na cikin tukunyag ga, ba guntun kalmen noma ba."

Zuciyata tafasa take. Abin da zai rage mana gonar tudu ce, jigawa, nesa da ruwa, wadda in damina ta yi gardama ko iri ba ta mayarwa. Na ce a raina tsoho zai yi gwaninta da abincin ɗan da ba a haifa ba. Washegari Talata, gari ya kwashe zuwa kasuwar Mafara, na ce kaina ke ciwo. Rana na tsaka na ɗauki dagi na fita. Ban sha wahalar nema ba, ramin sandarsa na nan. Na haƙa har na ji ƙwal. Garin ɗagowa murfin ya ɓare, hannuna ya nutse cikin gawayi, na taɓo ƙahon. Na ɗaga tukunyar zan rotsa ta, hannu ya ƙi. Sai na mayar da ƙasa na daddanne, na watsa busasshiya a kai, na kai tukunyar rumbu na tura ta ƙarƙashin damman dawa. Da magariba na wanke hannu na zauna muka ci tuwo da shi, har yana tambayata ya kan.

Ranar Alhamis fili ya cika. Ga Maigari, ga ma'aikacin awo da littafinsa, ga Inno, farar dattijuwa mai ƙaramin jiki, ta taho tun daga Damaga da ɗanta Manu, sa'ana. Baba ya faɗi maganar Sambo a gaban kowa, ya ƙirga takunsa, ya soka sanda. Aka haƙa zurfin ƙugu, shiru. Aka kai ƙirji, shiru. Ya ce a tallafe shi, ya durƙusa kan ƙasar da aka fitar, ya ɗiba ya murza a tafin hannu, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Ni kuwa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, gumi har cikin idona. Jira nake ya ɗago ya dube ni. Ya dubi kowa a wurin nan ban da ni. Ya miƙe ya raɗa wa Maigari wata magana, sa'an nan ya ce a mayar da ƙasa. Maigari ya roƙi ma'aikaci ya bar rubutun gonar sai Alhamis ta sama. Na ji wani a bayana yana cewa, "Allah Sarki, tsuhwa ya zaka." Inno ta gyara mayafinta ta ce, "Ba komi, Baba Garba, mun gode da damma," suka juya.

Na zaci zan ji daɗi. Kafin kwana biyu gari ya rikice. Duk wanda aka ja wa layi a kan maganar tsohon kawai, ba tare da tukunya ba, ya taso, yana cewa wanda ya ɓata a gonar da ya noma da hannunsa, ta yaya za a yarda da shi a gonar wani. Wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, da ya sasanta makon da ya wuce, suka koma fili, ƙanen ya sari wan da fartanya a goshi, aka kai shi asibitin Mafara a kan jaki. Zauren da ba ya rabo da takalma a ƙofa ya zama wayam. Da idona na ga wani da Baba ya yi wa waliccin aure ya wuce shi yana zaune, ya kau da kai kamar bai gan shi ba. Shi kuwa yana nan yana tufkar igiya, yana rarraba ƙuli-ƙuli, yana tambayar ko tuwo ya isa. Ni ne na kasa cin tuwon.

Ni ke yi masa aski. Ranar Litinin da hantsi na jiƙa kan, na ɗora aska, sai na yanke shi a bayan kunne. Jini ya biyo wuya.

Ya ce, "Kai, Takwara, in tsohuwat taka kaka so, ai sai ka bari in mutu da kaina."

Ban san sa'ad da askar ta faɗi ba. Na zube a gabansa ina kuka irin na yara, na ce, "Baba, ni na—"

"Na sani."

"Wa yaf faɗa maka?"

"Akushi. Tun ran Talata nig ga baƙi ƙarƙashin akaihunka. Gidanga da kara aka girki, kai kuwa ba ƙira kaka yi ba."

Na dubi faratana kamar har lokacin baƙin na nan. Na ce to da ya sani, don me ya je ranar Alhamis ya bari aka haƙa, aka yi masa dariya.

"Na ce ko ka maida ta. Duk dagin da anka buga, ina cewa yanzu za a ji ta."

Ya sa hannu a aljihu, cikin ƙuli-ƙulin, ya fito da wani ɗan tsingaro. Ɓarin murfin ne, wanda ya karye a hannuna. A cikin ƙasar ramin ya tsince shi, shi ya nuna wa Maigari a ɓoye. Wato tun a filin yana riƙe da abin da zai wanke shi. Da ya ɗaga shi sama, da kowa ya san sace tukunyar aka yi, da kuma kowa ya san wanda zai ci riba in ta ɓace.

Ya ce, "In na ɗaga shi, sunanka ya mutu kana da ashirin da bakwai, ga ciki gidanka. Nawa sunan ya tsuhwa, hwatatai ta yi kauri, shina iya ɗaukar bulala. Kuma ai suna guda na, Takwara, ko wane gehe anka sara ni anka sara. Abin da kay yi min na yahe. Amma gonar Inno ba ni iya yahe ta, don ba tawa ba ta. In Alhamis ta yi tukunya ba ta hito ba, sai in daha Alƙur'ani gaban jama'a, ni da ba a taɓa ce ma rantse ba. Yanzu ƙarasa min askin ga, kada in hita da rabin kai."

Na ƙarasa askin. Ban taɓa jin tsoron wani ɗan Adam kamar yadda na ji tsoronsa a ranar ba, ga shi kuwa ko murya bai ɗaga ba.

Alhamis na ɗauko tukunyar daga rumbu na ɗora a ka, na ratsa tsakiyar gari da ita rana tsaka. Kafin in rufe ta na zari guntun gawayi ɗaya na sa a aljihu, ban san dalili ba a lokacin. Na isa fili na sauke ta gaban Maigari, na buɗe baki da niyyar in faɗi komai. Sandar Baba ta sauka a kan ƙafata, da nauyi.

Ya ce, "Jama'a, ga tukunya, jikana yak kawo ta. Wanda yaɗ ɗauke ta ya ji tsoron Allah ya maido. Na san shi, na yahe mai, kada wanda yat tambaye ni sunanai, ko yau ko gobe."

Ya miƙa wa Maigari tsingaron. Maigari ya shaida cewa a ramin nan aka tsince shi, ya ɗora shi a ɓarin murfin, ya zauna daram. Aka zazzage gawayi, ƙaho ya faɗo. Manu ya ɗauka ya juya shi, ya nuna wa uwarsa tsaga uku a gindinsa, irin wadda suke yi wa kunnen shanunsu har lokacin. Inno ta rufe fuska da mayafi. Kabbara ta tashi. Wanda ya ce tsufa ya zo shi ya fara zuwa ya durƙusa. Daga nan mutane suka yi kaina suna buga mini kafaɗa, wai na bi sawun ɓarawo na ƙwato tukunya, na kuma sadaukar da gonar da za ta zama tawa. Ku duba maganarsa da kyau, babu ƙarya ko ta ƙwayar gero a ciki. Na sha juya ta a raina shekara da shekaru, har yau ban gane yadda mutum zai riƙe gaskiya da rufin asiri a hannu ɗaya ba tare da ɗaya ta zube ba.

Ba zan ce muku abin bai yi ciwo ba. Aka rubuta sunan Inno, Manu ya dawo ya kafa bukka, shinkafarsa ta yi kore shar sau biyu a shekara, ni ina tudu ina roƙon hadari. A gonar jigawar nan aka yaye Usman da kunun dawa, kuma rani huɗu na yi ina dakon buhuna a kasuwar Mafara kafin in samu jarin awo. Shekara biyu ina canza hanya don kada in bi ta bakin kanal. Duk girbi Manu kan kawo wa Baba buhu guda, shi kuma ya rarraba wa matan gida da mudu, ya hana a fifita ɗakina. 'Yan'uwan nan biyu sun koma kan layin da ya ja musu, amma wan ya mutu da tabo a goshi, kuma na san rabin tabon nawa ne.

Baba ya ƙara shekara ashirin da 'yan kai a duniya. Ya ga tattaɓa-kunne, manyanku sun ci ƙuli-ƙulinsa. Mutumin da ba ya barin kowa ya huta da tsokana, wanda ya yi shekara talatin yana tuna mini ranar da jaki ya kayar da ni, bai taɓa ambaton tukunyar nan ba, ko da wasa, ko muna mu biyu. Akushinmu ɗaya har haƙoransa suka ƙare ya koma fura. Ya rasu da damina, bayan la'asar, kansa a cinyata. Ni na yi masa wanka. Da na zo ƙafafunsa sai na tsaya, na riƙe tafin nan mai kaushi da ya san kowane taƙi na fadamarmu, na kasa ci gaba sai da liman ya taɓa ni. Ni da Manu muka shiga kabari muka karɓe shi. A zaman gaisuwa mutane daga Bakura, daga Kaya, daga Janbako, suna ta ce mini Allah ya yi maka albarka, kai ka fitar da shi kunya. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Maigari ya rasu da abin da ya sani ko ya zata, Inno ta rasu, Manu ma ya bi su bara waccan. Saura ni. Baba ya hana a tambaye shi sunan, bai hana mai sunan ya faɗa ba, ni ne yabon ya yi wa daɗi. To sunan ɓarawon Abubakar, ubanku. Kai Usman, in hanya ta yi kyau, ka kai wa 'ya'yan Manu wannan labarin ka faɗa musu, ka nema mini gafararsu. Yabon da kuke ji kuma ku mayar wa mai shi, ku sa shi a addu'a.

Gwangwanin kuwa kada ku yar. Jiya na sa an ɗauko mini shi, na buɗe. Yana nan yadda yake, bai ruɓe ba, gara ba ta taɓa shi ba, kamar yadda tsohon ya faɗa. Shekara arba'in da wani abu ke nan, har yau in na taɓa shi sai ya bar mini baƙi a yatsa.